Ma'aunin da Aka Ce na Rumawa Ne

Da aka rushe unguwar Karantina mutane suka watse, kayan da suka daɗe a ƙarƙashin gado duk suka fito kasuwa. Shagona na kayan ƙamshi da tsofaffin tarkace yana kasuwar Bab Makka, don haka da yawansu ta hannuna suka bi.

Wata rana bayan la'asar wani tsohon maƙwabcina da nake kira Yaya ya shigo da abu naɗe cikin darduma. Ma'auni ne na tagulla: sanda mai tsage-tsage, ƙugiyar rataya kaya, da dutsen awo mai siffar kan mutum, wanda ake ja a kan sandar har ta daidaita. Ya ce na Rumawan zamanin da ne, wani ma'aikacin jirgin ruwa ya bar masa. Ba sayar mini ya zo yi ba. So yake in raka shi wurin wani Balarabe a unguwar Balad mai tara irin waɗannan kaya, in tsaya masa shaida. Balaraben nan bai taɓa neman hujja a wurina ba, in na ce abu tsoho ne, halas, magana ta ƙare. Wannan yardar ita ce jarina.

Na jujjuya ma'aunin. Koriyar tsatsa ta rufe ko'ina, har wurin da ya kamata hannu ya goge. Na shinshina, na ji tsami-tsami, kamar an jiƙa shi da wani abu don ya yi tsatsa. Yaya kuwa sai zuba yake yi, abin da ba halinsa ba.

Na rataya ledar sukari mai kilo ɗaya, dutsen ya tsaya cak a kan tsaga. Na ƙara wata, ya faɗa tsaga ta gaba bai kauce ba.

"Ka gani ko, ƙanina? Mutanen da ba su san ha'inci ba," in ji shi.

Na ce, "Yaya, mahaifina a Sudan da tsohon awo na ratali ya fara, a kan idonsa kilo ya shigo kasuwa. Su Rumawa a ina suka samo shi?"

Na duba fuskarsa ban ga mamaki ba, wannan ne ya tsaya mini a rai. Can ya ce mu dai je, ba dole ne a ɗauko zancen kilo ba.

Na naɗe masa abinsa, na ce ƙafata ba za ta je ba. Yana fita na kira Balaraben a waya, na gaya masa duk wanda ya zo da sunana ba tare da ni ba, ba ni na aiko shi ba.