Si Manji Mai Tawul da Faifan da Ke Magana

Kullum da safe, kafin masu shaguna su gama yayyafa ruwa a ƙofa, Si Manji Bin Sha'aban yakan jingine babur ɗinsa a bangon gidan matasa na garinmu Tastur. Ya tsaya wurin mai lablabi, romon wake da burodi da muke karyawa da shi, ya ci kwano ɗaya a tsaye, ya goge gashin baki, ya shige ɗan ɗakinsa da ke ƙarƙashin bene. A ɗakin akwai tebur, akwai tsofaffin kwamfutoci da masu su suka gaji da su, akwai wani shuɗin tawul a rataye a ƙusa. Abin da yake fara yi shi ne ya sauko da tawul ɗin ya lulluɓe fuskar kwamfutarsa. Sannan ya kama aiki.

A ƙarshen watan nan zai yi ritaya. Na ji an ce za a yi ɗan taro a ba shi agogon bango. Ni Balgasim ban iya jawabi ba, karatuna kuma bai yi nisa ba. Noman rumman da ɓaure na sani. Ban saba yabon mutum ba, 'ya'yana shaida ne. Amma wannan zan yabe shi, kuma a rubuce, don agogon bango bai isa ba.

Aikin da aka ɗauke shi dominsa shi ne gyaran kwamfutocin gidan. Wanda ya ɗora wa kansa shi ne haɗa wa makafi faifai. Yadda na fahimta, kowace kwamfuta tana da abin da ke tashinta ya tafiyar da ita, a ajiye a cikinta. Si Manji yakan haɗa irin wannan abu da kansa, ya sa masa murya, ya zuba shi a faifai guda. Ka saka faifan ka kunna, sai kwamfutar ta bar na cikinta ta tashi da na faifan, ta fara magana. Ta karanta maka abin da ke rubuce, ta faɗi harafin da ka danna. Ka cire faifan, ta koma yadda take, ba ka bar mata komai ba. Makaho ya sa faifansa a aljihu, duk inda ya sami kwamfuta ya sami mai karanta masa.

An taɓa tambayarsa dalilin tawul. Ya ce in yana kallon fuskar kwamfuta zai yi ha'inci bai sani ba. Abin da bai iya yi da kunne kaɗai ba, bai gama shi ba.

Kuma ba ya yin faifai ɗaya ya raba wa kowa. Kamar tela yake, sai ya auna mutum. Si Ayyashi, makahon da ke koyar da Alƙur'ani a masallacin unguwarmu, shi ya ba ni labarin nasa. Ya ce Si Manji ya yi ta zama da shi bayan la'asar yana rage wa muryar gudu, har sai da ya ce masa ya tsaya nan, ta daina magana kamar mai tallar kifi. Nasa Larabci ne zalla, da littattafan tafsiri a ciki.

Akwai kuma wata al'ada tasa da ta kusa jawo mana masifa. Ba ya rubutu a kan faifan. Cewa yake yi rubutu na masu ido ne. Sai ya ɗiga jan farce kusa da ramin tsakiya, kowa da adadin ɗigonsa, don yatsa ya gane. Matarsa ta sha faɗa wa mata cewa jan farcenta ya fi ƙarewa a ƙarƙashin bene fiye da a hannunta.

Yanzu ga abin da na gani da idona.

'Yata Dalanda ta rasa gani tana sakandare. Ciwo ne, likitoci sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Ba ta bar karatu ba, ta gama. Ni abin da ke cikin raina guda ne. Idan na mutu, kada ta zauna a gidan wani tana jiran a miƙo mata abinci.

Wata shekara wani ofishi a Tunis ya nemi masu buga wasiƙu da Larabci da Faransanci. Za a yi jarrabawa a kan kwamfutocinsu. Shekarun Dalanda sun kai iyakar da suka sa, in ta rasa wannan babu wata. Dokarsu kuma ita ce ba a saka wa kwamfutocinsu komai. Ban ga laifinsu ba, ni ma ba na barin baƙo ya dasa abu a gonata. Da aka yi musu bayanin faifan da ba ya barin komai a bayansa, suka yarda.

Si Manji bai tsaya kan yardarsu ba. Ya nemi izini, ya hau motar haya a ranar hutunsa, ya je ya gwada faifan Dalanda a kwamfutarsu. Ta tashi, amma ba ta ce uffan ba. Irin tasu daban ce, faifan bai san hanyar fitar da murya a cikinta ba. Ya dawo ya ƙara abin da ya rage, ya sake komawa, sai da ta yi magana. Ban roƙe shi ba. Ban ma san ya je ba sai da direban motar ya faɗa mini.

Ana gobe jarrabawa, da safe, sai ga shi a ƙofar gidana da babur. An kwana ana ruwa da tsawa, ya ce wutar lantarki ta ƙona ma'ajiyar kwamfutarsa, tare da ainihin abin da ya kwafi faifan Dalanda daga cikinsa. Wanda ke hannunta shi kaɗai ya rage a duniya. Ya zo ya karɓa ya kwafi wani, don ba zai bar ta ta shiga Tunis da guda ɗaya ba.

Dalanda ta shiga ta laluba kan kabad inda ta ajiye shi bayan gwajinta na ƙarshe. Babu.

Aka birkice gida. Can ƙanena Tahir, wanda muke gida ɗaya da gona ɗaya, ya shigo yana tambayar me ake nema. Da ya ji, sai fuskarsa ta sauya.

A garinmu idan ɓaure ya fara nuna, tsofaffin faifai muke ɗaure wa da zare mu rataye a rassa. Iska ta juya su, su yi ƙyalli, tsuntsaye su tsorata. Muna da ƙa'ida kuma. Faifan da ke da rubutu ba a taɓa shi, kada a rataye sunan Allah tsuntsu ya ɓata. Wanda babu rubutu a kansa na tsuntsaye ne. Tahir ya bi unguwa ya tattaro buhu guda, ya haɗa da na kan kabad.

"Yaya, babu ko harafi a kansa," in ji shi. "Na duba gaba na duba baya."

Abin da na faɗa masa ba na rubutawa ba ne. Dalanda ta zauna a bakin gado ta haɗa hannuwanta. Wannan zaman nata ya fi mini komai nauyi.

Si Manji ne ya katse ni. Ammi yake ce mana, wato baffa. "Ammi Tahir, tsuntsayenku sun fi na kowa gata a garin nan, har Faransanci aka kai musu. Ɗauko tsani. Dalanda, sa takalminki, ke kaɗai za ki gane shi."

Muka tafi gona. Itatuwa duk ƙyalli, faifai a ko'ina, dukansu iri ɗaya a idonmu. Sun sha rana, sun sha ruwan daren jiya. Tahir ya hau yana tsinke zare, ni ina karɓa, Si Manji yana miƙa wa Dalanda ɗaya bayan ɗaya inda take zaune a gindin rumman. Ta shafa tsakiya ta ajiye. Ta shafa ta ajiye. Tulin gefenta yana girma, rana tana ɗagawa, tsuntsaye kuwa suka dawo kan ɓaurena a gabana, ban ko kore su ba. Sai yatsanta ya tsaya.

"Baba, ga shi."

Ɗigo uku ne, ƙanana, ruwa bai wanke su ba. Amma fuskar faifan ta sha karcewar reshe, ga ɗankon ɓaure, ga kashin tsuntsu.

A ɗakinsa na ƙarƙashin bene ya wanke shi da ruwa da sabulu, ya goge karce-karcen da man goge baki, daga tsakiya zuwa gefe. Ya ɗauko ɗaya daga kwamfutocin gidan ya saka. Ta yi gurnani, ta yi shiru. Bai nuna damuwa ba. Ya ce ba ya buƙatar faifan ya tashi, abin da ke cikinsa yake so ya kwashe. Ya sa kwamfutar ta riƙa karantawa a hankali, inda ta tuntuɓe ta koma ta sake. Muka yi azahar, muka dawo, tana nan tana fama. Matata ta aiko da kuskus, ba wanda ya buɗe kwanon.

Daga ƙarshe ya ce kusan komai ya fito, har da gyaran da ya je Tunis dominsa. Wuri ɗaya ne ya ƙi, muryar Larabci. Na tambaya ko Dalanda za ta iya aron faifan Si Ayyashi ta tafi da shi kawai. Ya ce a'a, babu Faransanci a ciki, kuma ba zai yi magana a kwamfutar ofishin ba. Amma muryar Larabcin iri ɗaya ce, zai iya ciro ta daga can ya cike gurbin.

Aka aiki Tahir ya aro. Sai ga shi ya dawo da Si Ayyashi kansa a bayan babur, ya rungume faifansa a ƙirji.

"Wanda ya ba tsuntsu na Dalanda," in ji malam, "nawa akuya zai ba. Manji, karɓi daga hannuna."

Ya karɓa, ya ciro, ya haɗa, ya zuba a sabon faifai. Da ya zo gwaji sai ya sauko da tawul ya rufe fuskar kwamfutar, ya zaunar da Dalanda, ya ce ta kunna da kanta. Ta kunna. Ba abin da muke ji sai ƙarar faifai yana juyawa. Na kasa haƙuri, na kai hannu zan ɗaga tawul in ga ko wani abu na tafiya. Ya riƙe mini hannu.

"Bar shi, Ammi Balgasim. Gobe ba wanda zai ɗaga mata."

Ba a riƙe mini hannu a garin nan. Ranar na bari.

Sai muryar ta fito. Ta gaishe ta da Larabci, a hankali, kalma ɗaya ta huta kafin ta biyu. Dalanda ta saki dariya ta ce ai wannan Si Ayyashi ne aka tura mata Tunis. Malam ya ce da ta tafi da shi haka, ko ba ta ci jarrabawa ba za ta koyi natsuwa. Tahir ya fita waje, na ji shi yana fyace hanci. Ni na zauna a kan wata matacciyar kwamfuta. Si Manji ya mayar wa muryar gudunta, Dalanda tana gefensa tana cewa ya ƙara, ya ƙara, ya isa. Ya kwafi na biyu, ya ɗiga wa kowanne jan farce. Sannan aka buɗe kuskus, ya huce, muka cinye shi tas.

Washegari ya bi mu Tunis, ya tsaya a waje tare da ni. Ta gilashin ƙofa na ga ta saka faifan, ta sa abin sauraro a kunne. Ta ɗan jira. Sai na ga kafaɗunta sun sauka, yatsunta sun fara gudu. Si Manji bai ko leƙa ba, fuskata ya duba, ya ce mu je mu sha shayi.

Ta sami aikin. Har yau tana can, da gidanta, da makullinta a jakarta.

Si Manji, kai ne ka rufe idonka da gangan don ka tsaya inda 'yata take tsaye. Kai ne ka je Tunis ba a aike ka ba, ka zo ƙofata da sassafe don ba ka yarda da faifai ɗaya ba. Da ba ka zo ba, da sai a bakin ƙofar jarrabawa za mu san babu shi. Ka ga ƙanena ya yi kuskure, ba ka ƙara masa kunya ba, tsani ka ba shi. Daga ranar kuma ka gyara naka aikin, ba ka ce laifin manoma ne ba. Kana ɗiga wa makafi, kana rubuta wa masu ido da manyan baƙaƙe, kowa kuma biyu kake ba shi. Yanzu da faifai ya zama tsohon yayi, a ɗan filas da ake soka wa kwamfuta kake zubawa, tawul ɗin dai yana nan. Ka koya wa Dalanda haɗawa, ita ma tana yi wa wasu a Tunis. Manji mai tawul, na gode. Allah ya ba ka lafiya a hutunka, ya saka maka da abin da ya fi.

Ku kuma da za ku karanta wannan, kafinta ne kai ko ma'aikacin ofis ko mai ɗinki, in za ka yi wa mutum aiki, fara tsayawa inda yake tsaye ka gwada abin da ka yi. Wanda zai gaji ɗakin nan na ƙarƙashin bene, kada ya cire ƙusar tawul.

Tsohon faifan yana gonata. Da ta zo hutunta na farko, Dalanda ta sa Tahir ya riƙe mata tsani, ta hau, ta ɗaure shi da hannunta a reshen ɓaure. Ta ce yanzu na tsuntsaye ne.