Ramin da Kogi Ya Tona a Tudun Abokina

Ko zan manta da komai, ban da abin da ya faru a shekarar da kogi ya cika ya ci gonaki tun daga Nguru har Gashuwa. Da ruwa ya janye, sai ga shi ya zaftare gefen wani tudu a bayan ƙauyenmu, ƙasusuwan mutane da yawa suka bayyana a rami ɗaya.

Tudun na abokina ne, wani masunci, gadon kakanninsa. Tun ƙuruciya kwanonmu ɗaya, shi ya kawo kifi, ni in kawo gero. Amma ranar, ni da nake malamin ƙauyen, a gaban jama'a, na leƙa ramin na ce, "Musulmi ba ya binne mutane kamar ana zuba dawa a rumbu. Kakanninka dai sun san abin da suka yi." Ya saɓa komarsa ya wuce. Kafin sati biyu an daina sayen kifinsa, wai jikan masu yanka mutane ne. Har yau in na tuna sai na yi istigfari.

Ana nan, masu binciken kayan tarihi suka zo daga jami'a. Shugabarsu, wata mace mai natsuwa, ta yi kwana uku tana share ƙasa da ɗan buroshi, sannan ta kira ni.

"Malam, ka ga sara ko sukar mashi a jikin ƙashi ko ɗaya?"

"Ban gani ba."

"Ga jariri, ga tsohuwa, ga samari majiya ƙarfi, duk an sa su lokaci ɗaya. Ga duwatsun wuya, ba wanda ya cire. Wannan annoba ce. Ko wace iri, sai mun gwada haƙoran. Dubi kwanciyarsu kuma."

Na duba. Kowa a kan damansa, fuska gabas. Masu binnewar suna cikin tsoro da gaggawa, amma ba su jefa ko mutum ɗaya ba.

Na koma gida na zazzage gafakar kakana. A gefen wata takardar ajami da na sha tsallakewa saboda tawadar ta koɗe, na tarar an rubuta cewa a shekarar mutuwa gari ya watse, masunta suka tsaya suka yi wa mamata sutura.

Ran Juma'a bayan an sauko, na tara mutane a bakin ramin, na karanta takardar da ƙarfi. Na juya ga abokina na ce, "A nan na ɓata ka, a nan zan wanke ka. Ka yafe mini don Allah."

Ya dube ni ya ce, "Malam, duk karatun nan naka, sai da 'yar boko ta nuna maka gabas?" Jama'a suka fashe da dariya, ni kuwa hawaye. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Gobe ka zo da gero."

Tun daga ranar, ba na yanke wa mamaci hukunci, balle in ɗora wa jikansa, sai na durƙusa na duba da kyau.