Alamar Halidu Mai Batir

Duk wanda ya tuƙa mota a Yamai shekarun da suka wuce ya san rumfar Halidu a Zongo, ko da hanci ne, don warin ruwan batir ne ke fara gaida mutum kafin mai rumfar. Mutumin Dogondutsi ne, gajere, kakkaura, kuma ban taɓa ganinsa da riga marar huji ba, ruwan batir ya cinye su duka. Muna tsokanarsa cewa ko rigar Sallah ya saka, kafin la'asar ta zama rariya. Bai yi lakwal ba, wato boko, lambobin da Turawa ke rubutawa a jikin batir ba su dame shi ba. Ɗaga batir yake yi da hannu biyu, ya ɗan jijjiga, ya ajiye, sai ya gaya maka shekara nawa za ta yi. Nauyin dalmar da ke ciki yake aunawa, kuma ban taɓa jin ya yi kuskure ba.

Yana da ɗabi'a guda. Duk batir da ta bi ta hannunsa, ko sabuwa ce ya zuba mata ruwa, ko tsohuwa ce ya fasa ya sake mata dalma, sai ya ɗora wani guntun ƙarfe a garwashi ya ɗana mata harafin farko na sunansa da ajami. Direbobi daga nan har Agadas sun san alamar. In ka gan ta, ka shiga daji hankalinka kwance.

Ni Yakuba, a 1984 ina tuƙa wata Landiroba ta wani sarwis na gwamnati mai yashe rijiyoyi. Shekarar ce damina ta ƙi, gero ya bushe a tsaye, mutanen ƙauye suka cika bakin Babbar Kasuwa suna sayar da tukwanensu da tabarminsu. Soja ke mulki, kowane aiki an ɗora masa mai kaki a kai, mu namu wani Ajidan Abdou ne, mutum mai son a ce ya iya. A hancin motar tawa akwai injin ja mai igiyar ƙarfe, wanda ke aiki da wutar batir. Don fitar da mota daga yashi aka yi shi, amma mu da shi muke zura mutum cikin rijiya, da shi muke fito da guga-gugan laka, da shi kuma muke fito da mutumin. Wanda ke shiga rijiyar shi ne Isaka, ƙanen Halidu uwa ɗaya uba ɗaya, wanda Halidun ya goya a bayansa, ya kawo shi birni, ya yi masa aure.

Da batir ɗin motar ta gaji, na je wurin Halidu. Kwana uku ya yi yana haɗa mini wata baƙa, tsohuwa ta kamyo, babbar motar kaya, ya zuba mata dalma mai kauri har sai mutum biyu sun kama kafin ta tashi. Mummuna ce, an liƙe samanta da kwalta, kuma ba ta shiga mazaunin batir, sai dai a ɗaure ta bayan kujera. Ya ce mini, "Ta tada mota daban, ta ja daban. Waccan tsalle guda za ta yi ta huta. Wagga kuwa jaki aka so, wanda zai yini da kaya bai durƙusa ba."

Ranar tafiya yashe rijiyar wani ƙauye Ajidan ya biyo mu rumfar da soja biyu da wani kwali. A ciki wata farar batir ce fes, daga cikin kayan agaji, da manyan lambobi ja a gefenta. Baƙi za su zo ƙauyen su ɗauki hoton aikin, shi kuma ba zai yarda a ga wannan baƙar aba a motar gwamnati ba. Halidu ya ɗaga farar da hannu ɗaya. Hannu ɗaya! Ya ajiye ya ce, da "Mushe" ɗin Faransanci da ake girmama manya da shi, "Mushe Ajidan, wagga ta ƙaramar mota ce, dalmarta ba kauri. Ba ta jimre ja."

"Kai ka fi Bature da ya yi ta sani? Karanta lambar nan in ka iya."

"Ban iya karatu ba, ranka shi daɗe. Amma mutum za ta ɗauka daga rijiya."

"Kana nufin gwamnati na son kashe mutane?"

Wannan tambaya a wancan zamani ba ta da amsa. Ɗaya sojan ya gyara rataye bindigarsa, ba don komai ba wataƙila, kafaɗarsa ce ta gaji, amma kowa a rumfar ya gani. Halidu ya sunkuya ya zuba wa farar batir ruwa. Ya roƙi a bar ta ta kwana a caji, Ajidan ya ba shi awa guda. Da awar ta cika, hannunsa ya je ga garwashi kamar yadda ya saba zuwa shekara ashirin, ya ɗauko ƙarfen ya ɗana. Na ga fuskarsa lokacin da hayaƙin roba ya tashi, shi kansa sai a lokacin ya ankara da abin da ya yi.

Daidai nan Isaka ya iso da ƙunshin kayansa, yana taunar goro. Ya leƙa cikin mota inda aka riga aka ɗaura farar batir, ya shafa alamar da yatsa tun tana da ɗumi, ya yi dariya. "To, Yaya ya sa hannu. Ko ƙasa ta bakwai aka ce in shiga, ni shiga." Halidu ya buɗe baki, ya dubi Ajidan da ke tsaye a gefensa, ya ce, "Allah shi kiyaye hanya." Ni kaɗai ya ja gefe ya raɗa wa: kada in kashe mota muddin injin ja na aiki, don kunnanniyar mota ce ke ƙara wa batir wuta, kuma bayan kowane guga in bar batir ɗin ta huta.

Ƙauyen yana Zarmaganda, arewa da Walam, rijiyarsu gaba ashirin, ba abin da ya rage a ƙasanta sai laka mai wari. Kwana biyu na bi maganar Halidu, aiki ya tafi. Rana ta uku Ajidan ya zura sanda a tanki, ya ce isansi ya yi ƙasa, baƙi kuma ba su iso ba, mota ba za ta yini tana kuka a banza ba alhali ga sabuwar batir. Na ce, "Mushe Ajidan, Halidu ya ce..." Ya dube ni. Ina da 'ya'ya huɗu da buhun dawa da sarwis ke ba ni ƙarshen wata. Na murɗa makulli na kashe.

Guga goma sha ɗaya ta ɗauko. Bayan azahar Isaka ya girgiza siririyar igiyar da ke hannunsa sau uku, alamar iskar ƙasa ta ɓaci, a fito da shi maza. Na danna. Injin ya ja, ya ja, muryarsa ta yi ƙasa, ya tsaya. Isaka na rataye a tsakiyar rijiya. Na ruga na murɗa makulli, ko tari motar ba ta yi ba, batir ɗin ta mutu murus. Ƙarfen tada mota da hannu kuwa an daɗe da sace shi. In na saki injin, mutum zai faɗa ƙasa. Abin da ya rage shi ne a tura motar da baya don igiyar ta hau. A yashi, da mazan da suka yi wata uku suna cin dusa da ganyen anza, a garin da ko jaki ɗaya bai rage ba. Maza suka tura, mata suka tura, har Ajidan ya cire hularsa ya sa kafaɗa. Muna jin Isaka yana kiran Allah, can muka daina ji. Kusan awa guda kafin kansa ya ɓullo, ya riga ya cika.

A Yamai aka yi bincike, wai. Aka ɗora farar batir a kan tebur, aka kawo Halidu. Wani babban soja ya nuna ya ce alamar wa ce. Halidu ya ce, "Tawa ce." Aka juyo gare ni, aka ce ko an yi aiki yadda ya kamata. Ajidan na zaune yana kallon farcensa. Na ce an yi. Aka rubuta cewa mai gyaran batir ya zuba gurɓataccen ruwa a kayan agaji, aka ba shi wata takwas a kaso. Ajidan aka sauya masa gari, daga baya na ji ya samu ƙarin igiya a kafaɗa. Baƙar batir kuwa wani mai kamyo ya ɗauka, ta yi shekara shida tana zirga-zirga tsakanin Yamai da Tawa ba ta taɓa kunyata shi ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya ɓaci sabo fil.

Halidu ya fito ya koma rumfarsa, don bai san wani aiki ba. Direbobi suka dawo ɗaya bayan ɗaya, mun san gaskiya ko ba mu faɗa ba. Hamsatu matar Isaka dai ba ta sake amsa gaisuwarsa ba har ta koma gida da 'ya'yanta. Yana ɗaga batir yana faɗin shekarunta kamar da, amma bai sake hura garwashi a rumfar ba. In ka ce ya sa maka alama, sai ya ce ƙarfen ya ɓata.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zagaye layin rumfarsa. Wata rana da hantsi na daure na je, na tsuguna a gabansa, na ce, "Malam Halidu, ni na kashe motar. Ni kuma na ce an yi aiki daidai. Ka yafe mini."

Bai ɗago ba, yana kankare dalma da wuƙa.

"Na sani tun ranar," in ji shi. "Tashi, Yakuba. Ba fuskarka Isaka ya duba ba kafin shi hau motar nan. Alamata ya shafa."