Belbelun Burutu

Lafiya

Jikokina, ku matso ku ji yadda na je bakin teku na zauna gadin tsuntsaye. Turawa ba su daɗe da zuwa ba a lokacin. Labari ya iske ni cewa ubanku Mamman, yana dako a Burutu, gangar manja ta faɗa masa a ƙafa. Da na je sallama, mai unguwar Arikya, ƙauyenmu na ƙasar Lafiya, ya ce, "Hajara, gonar marigayi mijinki tana hannunki har ruwan shuka. In ya sauka ba kowa a kanta, wani zan ba." Ita kaɗai muke da ita. Tun kafin assalatu na ɗauki ƙunshina na bi ayarin fatake.

Loko zuwa Lakwaja

Ta Doma muka bi, a ƙasa, har Loko. Can na shiga kwalekwalen wani Banufe, Ndagi. Ruwa ya janye, sai mu tafi mu kafe a yashi, maza su sauka su tura. Garin rogo da busasshen kifi muka yi ta ci. A Lakwaja ɗan sanda ya zazzage ƙunshina, ya ga daddawa, ya toshe hanci ya ce in wuce. Ndagi ya sa ni a jirgin hayaƙi, shi ma ya shiga, zai sayo gishiri.

Burutu

Na tarar da Mamman a rumfar wani tsohon masunci, ƙafa ta kumbura kamar turmi. Ya ce, "Inna, wa kika bar wa gonar?" Na ce, "Allah."

Kwana kaɗan sai ga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Na jawo ƙunshina. Na ce shi ke nan, damina ta faɗi, tashi mu tafi. Mamman ya miƙe, ya zube, gyambon ya fashe. Ndagi ya ce, "Iya, kashe shi za ki yi? Nan garin ruwa ba ya jiran damina." To da me zan gane lokaci? A gida shamuwa ke gaya mana. Nan babu ita.

Na fita bakin ruwa, inda kogi ke shiga teku, ruwan da ba ya shayuwa. Tsuntsaye ne birjik a kan taɓo, masu dogon baki, masu gudu kamar an kore su, ban san sunan ko ɗaya ba. Can gefe sai ga belbelu, namu na gida, masu bin shanun Fulani, waɗanda ke ɓacewa da rani. Ashe nan suke zuwa! Na ce da su, "Tare za mu koma."

Kullum da safe ina nan tsugune. Matan garin suna dariya, wai baƙuwa tana kiwon tsuntsu. Ran nan fararen tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya suka yi cikin teku, na kurma ihu. Tsohon masuncin ya yi magana, Ndagi ya fassara: "Ya ce waɗancan na teku ne, ba naki ba. Naki ki duba kansu. In ya fara ja, sun kusa komawa."

Na koma duban kawuna. In na dawo in wanke gyambo da ruwan zafi, in kwanta ina lissafin wanda zai karɓe gonar. Sannu kan belbelu ya soma yin ja kamar an shafa musu lalle. Mamman kuwa ya fara takawa da sanda. Wata safiya na je, rabinsu babu. Na ce, "Mamman, yau kam ko a goye."

Gida

Hawan kogi ya fi gangara wuya. Duk hadarin da ya haɗu a gabas sai in kau da kai. Daga Loko jaki muka samo wa Mamman. Muna shiga Arikya na ɗaga ido kan rimin bakin gari, shamuwa biyu suna jan kara. Mai unguwa yana tsaye a gonar da wani mutum da fartanya. Ya dube ni, ya dubi ƙasa a bushe, ya ce da mutumin, "Koma gida."

Washegari aka yi ruwan shuka. Mamman na sara da sanda a hammata, ina zuba iri. Na gode wa Allah, na gode wa Ndagi da tsohon da ban iya kiran sunansa ba. Tuwon da kuka ci yau, dawar gonar ce.