Ña Fidelina Arzamendia Ta Ajiye Alƙalami

Ranar Alhamis, 9 ga watan Yuli, da hantsi, ɗiyarki Zunilda ta kira ni ta ce kin rasu a garin Villarrica bayan jinyar mako uku. Shekarunki saba'in da takwas, Ña Fidelina.

Ni ne Crispín, mai jera haruffa a maɗaba'ar da ta buga littattafanki biyar na waƙoƙi. Na farkon da Sifaniyanci kika rubuta shi, jaridun Asunción, babban birninmu, suka yabe ki. Ke kika ba ni labarin ranar da kika karanta wa mahaifiyarki shi tana ɓare rogo. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Da daɗin ji, 'yata. To, me kika ce?" Tun daga ranar kika soma rubutu da Guarani, harshenmu na gida, wanda shi kaɗai take ji.

Da kika kawo na biyun, maigidana, mai maɗaba'ar, ya ce, "Haba Ña Fidelina, Guarani ai na kasuwa ne da korar shanu. Wa zai saya?"

Kika ce, "Kai da wane harshe ka nemi matarka?"

Ya buga littafin. Akwatunanmu na haruffa ba su da wasu haruffan Guarani, na yi kwana huɗu ina gyara su da magagari. Kika duba kika ce ɗaya ya yi kama da tsutsa mai ciwon baya. Na sake shi.

Lokacin da kike koyarwa, shugaban makarantarku ya ce a riƙa sa duk ɗalibin da ya yi Guarani a aji ya durƙusa kan tsakuwa. Kika ƙi. Aka tura ki wani ƙauye bayan garin Caazapá, inda mota ba ta shiga da damina. Kika yi shekara shida a can, ba ki nemi afuwa ba.

Da matata Eulalia ta rasu, mutane suka zaci za ki karanta waƙa a wurin jana'iza. Kika ce yau ba ranar waƙa ba ce. Kika ɗaura zane, kika yi kwana uku kina wanke mana kwanuka.

Ubangiji ya gafarta miki, ya ba ki hutu na har abada. Ku 'ya'yanta, Zunilda da Anselmo, da jikoki bakwai, Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu tare da ku.