Ranar da Muka Je Yi wa Tafintata Amshi a Guangzhou

Shekarun baya, lokacin da ƙafata ba ta ɗaukewa daga Guangzhou wajen saro kaya, akwai wata yarinya 'yar Kano da take yi mini tafinta. Karatu ne ya kai ta can, Sinanci kuma ya zauna a bakinta kamar a garin aka yanke mata cibiya. In ba ta da aji sai ta biyo ni kasuwar Baima mu zaga shagunan tufafi, wani lokacin mu wuce Xintang wajen masu ɗinka wandon jins. Ga ta da kunya, ba ta haɗa ido da babba. Sai dai ko a mota muke, ko muna jiran a ɗaure kaya, leɓenta ba ya daina motsi, yatsunta kuma suna ɗan buga cinyarta. Ni duk a zatona tasbihi take yi, har albarka nake sa mata a zuciya.

Wata rana muna dawowa daga Xintang na kasa haƙuri, na ce, "Wai 'yar nan, wane wuridi ne wannan da ba ya ƙarewa? Ki ba ni, ni ma in samu lada."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya. "Anti, ba wuridi ba ne. Waƙa ce. Rap nake yi."

Na saki baki. Ni a sanina gambarar zamani ta samari ce masu yagaggen wando. Har na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai na tuna dilar da ke bayan motar cike take da irin waɗannan yagaggun wandunan, ni ce kuma zan kai su Kano. Sai na haɗiye faɗan, na ce ta ba ni labari.

Ta ce ranar Lahadi da yamma akwai gasar sababbin mawaƙa a wani tsohon sito da aka mayar wurin wasa a unguwar Liwan, kuma an ba ta dama. Wannan ne hawanta dandali na farko. Wanda ya shirya gasar ya ce ta yi da Turanci, don ba mai gane Hausa a nan.

"Ni kuma Anti, in na yi da Turanci ji nake kamar na ari takalmin wata. Na ce masa da Hausa zan yi. Matsalar ita ce waƙar tana da amshi, kuma sai mai jin Hausa ne zai san inda ake amsawa. In na miƙa wa jama'a makirufo aka yi tsit, na kaɗe. Ba za su sake kira na ba."

Na gane so take in je in yi mata amshin, ban dai yi mata alkawari ba. Amma gaskiya tun daga lokacin zuciyata ta tafi Liwan. So nake in ga yadda wannan bakin da ba ya iya gaishe ni da ƙarfi zai buɗe a gaban jama'a.

Da na koma masauki na faɗa wa ƙawata 'yar Maraɗi da muke ɗaki ɗaya. Ta ce, "Mi za mu yi wurin yara, Hajiya, da hurhurarmu?" Ranar Lahadi kuwa ita ta riga ni shiryawa, har da jan kwalli. Muka janyo wasu matan 'yan kasuwa da ke masaukin, bayan la'asar muka kama hanya.

A ƙofa aka buga mana tambari a bayan hannu, ƙawata tana ta tambaya ko ba zai hana alwala ba. Muna shiga na ji kiɗan ba a kunne ba, a haƙarƙarina. Yaran Sin cike da wurin, wasu gashi kore, wasu ja, duk suka juyo suna kallon hijabanmu, mu ma muna kallonsu. Ba wanda ya fi wani mamaki. Kujera babu ko ɗaya, haka muka tsaya kamar masu jiran mota.

Bayan wasu samari sun yi nasu, sai ga ta. Doguwar abaya, farin kambas, ta ɗora hular hana-salla a kan ɗankwali. Da ta fara, muryarta rawa take. Can sai harshen ya sake. Na kasa kunne, sai na ji ashe mu take waƙewa: mace ta baro 'ya'yanta a gida, tana jan jaka daga bene zuwa bene, tana fama da lawban, wato mai shago, shi kuma komai ta nema sai ya ce meyo, babu ke nan.

Ta ce, "Lawban, akwai kalar nan?" Ta miƙo makirufo.

Tsit. Mu da aka kawo don amshi mun shagala da kallo, bakinmu a buɗe. Ta dube mu daga can sama, kallon da har yau in na tuna sai na ji ba daɗi. Ta sake zagayowa, ta ce, "Lawban, akwai babba?"

Ƙawata ta cika ƙirji ta ce, "Meyo!" Ba ta tsaya nan ba, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa irin ta Maraɗi. Masu gadi suka rugo, sun zaci wani abu ne ya same ta. Yaran kuwa da suka ji kalmarsu a tsakiyar baƙon harshe, sai wurin ya ɗauki dariya da ihu. Daga nan mu suke kallo, muna buɗe baki su ma su buɗe. Kafin a kai tsakiyar waƙar sun ƙwace amshin daga hannunmu, siton nan gaba ɗaya yana amsawa. Ni da na zo kallo, sai ga ni ina ɗaga hannu, jakata tana lilo a kafaɗa.

A baitin ƙarshe ta sa aka rage kiɗa. Ta koma kan mahaifiyarta, ranar da ta rako ta filin jirgi, uwar ta ƙi yin kuka sai da ta juya baya. Babu amshi a nan, Hausa ce zalla. Idona ya ciko. Ina share hawaye sai na ga wata budurwa 'yar Sin a gefena, ita ma kuka take, na gaske, har da shessheƙa. Ta kama hannuna ta riƙe har waƙar ta ƙare. Na so in tsayar da ita a tambaye ta, amma cunkoso ya raba mu.

Ba tafintata ce ta ci gasar ba, wani saurayi aka ba. Amma kafin mu fita, wanda ya ce ta yi da Turanci ya zo yana neman ta dawo wani wasan. Ta rungume ni tana haki, ta ce, "Anti, kun kusa kashe ni."

Daga nan wasanni suka fara yi mata yawa, na rasa tafinta. Yanzu a shagunan Kano nake tsintar muryarta a wayoyin 'yan mata, in na ce musu a gabana ta fara sai su yi mini murmushin ladabi.

Na fahimci mutum zai iya wuni da kai a kasuwa shekara da shekaru, ba ka san abin da ke cikin bakinsa ba in ba ka tambaya ba. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai budurwar nan ce 'yar Sin da ta riƙe hannuna. Ba ta san kalma ɗaya ta Hausa ba, ba wanda ya gaya mata zancen uwa ake yi. Har gobe ina so in san abin da ta ji.