Ranar da surukina ya tare hanyar takardu

Shekarar da ɗiyata ta samu bak, jarrabawar gama sakandare, ina koyarwa a Kanan-Bakashe, kuma ni kaɗai ke da ordinatar, wato kwamfuta, a unguwarmu. Saboda haka nake tafiya kamar ni na ƙera ta. Yarinyar na son shiga makarantar ungozoma, takardun neman shiga kuwa ta intanet ake aikawa. Mako guda tana roƙona mu aika, ina ce mata aikin minti biyar ne, har ranar ƙarshe ta zo. Ƙarfe sha biyu na rana za a rufe.

Da hantsi na shimfiɗa tabarma a zaure, na kunna wifi na salulata, na haɗa da ordinatar. Takardar farko ta kai rabi ta tsaya cak. Na kashe na kunna. Na ɗora salular bisa katanga ko rezo zai ƙaru intanet ta yi sauri. Na taɓa ordinatar na ji zafi, na ɗauko mafici ina yi mata fifita kamar mai jinya. Na zagi kamfani, na zagi wanda ya sayar mini da ita a Maradi. Ɗiyata na tsaye bakin ƙofa tana kallona.

Sai wajen sha ɗaya na tuna in duba masu haɗe da salulata. Mu biyu ne: ni da surukina, uban matata, wanda ya zo mana baƙunci daga Hawandawaki. Yana waje gindin itacen bedi yana kallon kokowa a salularsa, ashe shi ke cinye intanet ɗin. Ni da kaina na sa masa kod ɗin wifi ranar da ya iso, don ya san ƴarsa ta auri mai ilimi.

Dannawa ɗaya za ta cire shi, amma zai kira ni ya ce abu ya tsaya, to me zan ce? Na fita na durƙusa don in yi magana, sai na ji bakina na tambayarsa yadda gero ya yi bana. Na dawo. Na sake fita, na sake tambayar gero. Saura minti ashirin, zufa ta jiƙe mini riga, tsoro ya kama ni sosai.

Ɗiyata ta leƙa allon, ta dube ni, ta fice. Jika da kaka ba kunya tsakaninsu.

"Kai tsoho, kawo salular nan! Kai da ko akuya ba ka iya kayarwa, mi kake kallo?"

"Amarya, yau kuma da faɗa aka tashi?" Yana dariya ya miƙa mata.

Tana kashewa takardu suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya ta yi masa bayani, dariyarsa ta ɗauke. Can ya ɗaga murya yadda zan ji.

"Wato ubanki ya san ni na tare hanya, ya zo har sau biyu yana tambayata gero? Da karatunki ya ɓaci yau, shi za a ce mai kunya, ni kuwa tsohon da ya cuci jikarshi."

Gaskiya ya faɗa. Sunana nake tsaro, ba nasa ba, ba kuma karatun yarinyar ba. Ban iya fitowa daga zauren nan ba sai da aka kira azahar.